Darasi na 7: Daga ina wutar lantarki take zuwa gidajenmu?

To 'yan uwa ɗalibai, maza da mata, yau kan makamashi za mu zanta. Makamashi shi ne duk abin da ke sa aiki ya yiwu, ya motsa abu ko ya ɗumama shi ko ya haska wuri. Itacen da inna ke tuwo da shi makamashi ne a ajiye, da an kunna sai ya koma zafi da haske. Fetur ɗin kabu-kabu haka, gawayin mai shayi haka, har furar da ka sha da rana ita ce ta ba ka ƙarfin noma. Akwai kuma na motsi, wato iska da ruwa mai gudu, sai na rana wanda mu nan Sakkwato ba sai an yi muna bayani ba, watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40.

Abin da nike so ku riƙe shi ne ba a ƙirƙirar makamashi daga babu, juya shi ake daga wani iri zuwa wani. Ita ma wutar lantarki haka take.

Dattawan ajin ga kun tuna fitilar keke ta da, wadda ke da ɗan inji jingine da taya, in ka taka da ƙarfi ta yi haske in ka tsaya ta mutu? To cikin ɗan injin nan maganaɗisu ne da waya ta jan ƙarfe da anka naɗe, idan maganaɗisun na juyawa kusa da wayar sai lantarki ya fara gudu cikinta. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831, kuma har gobe da wagga dabara ake samar da mafi yawan wutar duniya, bambancin kawai mi ke juya injin. A janareto fetur ne ko dizal. A Kainji ruwan kogin Kwara ne anka tare da madatsa, a sako shi daga sama ya faɗo da nauyinsa ya bugi manyan farfela su yi ta juyawa dare da rana. An buɗe Kainji a 1968, Jebba ta biyo baya a 1985, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. Amma kar ku ɗauka duk wutar Najeriya ta ruwa ce, a'a, mafi yawanta da iskar gas ake yi a tashoshin kudu irin Egbin ta Legas. Kuma masu cewa ai muna da dam a Goronyo, wancan na noman rani ne da ruwan sha.

Daga tasha wutar kan hau manyan wayoyin nan masu dogayen turakun ƙarfe da ƙarfi mai yawa, bolt dubu 330 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar), ta iso Birnin Kebbi sannan a rage ta a miƙo Sakkwato, a yi ta ragewa har taransifomar unguwa ta mai da ita wajen bolt 230 wanda fanka da firji za su iya ɗauka. Kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Kaduna, Kabi, Sakkwato da Zamfara, ko da yake bakin kowa nefa ya saba da ita.

Sola ita daban ce, ba abin da ke juyawa, hasken rana ne ke faɗa wa farantin ya koma lantarki kai tsaye a tara a batir. Haske take so ba zafi ba, shi ya sa lokacin hunturu in ƙura ta rufe farantin sai caji ya ragu, a riƙa shafe shi da tsumma mai laushi da safe.

Yanzu ga inda kuɗinku ke tafiya. Duba jikin kowane kayan wuta za ka ga lamba da harafin W, wato wat, ma'aunin yawan wutar da abin ke ci. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1000 na awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1000 awa guda ya cinye yunit, amma ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka, tsohon ƙwai mai wat 60 kuwa ko awa 17 ba ya kaiwa. Duk abin da ke yin zafi, hita, dutsen guga, risho na lantarki, su ne masu cinye kati, ba cajin waya ba da ake ta yi wa yara faɗa a kai.

Sai a kiyaye, kar a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, in wuta ta kama mutum a kashe daga mita ko a ture shi da busasshen ice, ba da hannu ba. Janareto kuwa waje ake aje shi nesa da taga, hayaƙinsa na da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Aikin gida: kowa ya rubuto kayan wuta uku na gidansa da wat ɗin da ke jikinsu, wanda bai gane lambar ba ya sa yaro ya nuna mai amma shi zai rubuta da hannunsa, mu lissafa tare a aji mako mai zuwa in Allah ya kai mu.