Idan iska ta yaye rufin gidanka a Legas: yadda ake neman diyyar inshora

Ruwan farko na watannin Maris da Afrilu shi ne ya fi yi wa rufi ɓarna a Legas, domin da iska mai ƙarfi yake zuwa. Daga Agege har Idi-Araba, a irin wannan lokaci ake wayar gari a ga kwano a tsakiyar titi. Mai inshora yana da mafita, amma kamfani ba ya biya sai ya gamsu cewa iska ce ta yi ɓarnar, ba tsufan rufi ba.

Kafin komai, kashe wutar gidan daga babban makunni idan ruwa ya shiga silin. In gini ya rufta ko wani ya ji rauni, a kira 112 ko 767. Daga nan ɗauko takardar inshorarka ka duba ko ta ambaci guguwa. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar wannan, sai wadda aka haɗa da haɗurra na musamman. Ka kuma tabbata ka biya kuɗin shekarar, don a dokar Najeriya wanda bai biya ba ba shi da kariya. Ɗan haya ya sani cewa rufi na mai gida ne. Shi kayansa na cikin ɗaki kawai zai nema, in ya yi musu inshora.

Kada ka yi gaggawar kiran kafinta ya buga sabon kwano. Nan ne mutane da yawa ke rasa haƙƙinsu. Fara ɗaukar hoto da bidiyo: rufin daga waje, raftar da ta karye, ramin da ƙusa ta fizge, silin ɗin da ya jiƙe. Tattara kwanon da ya faɗi ka ajiye, ko da ya lanƙwashe. Sai ka rufe wurin da tamfol don kada ɓarnar ta ƙaru, ka riƙe rasit. A ranar ka sanar da kamfani ko dillalin inshorarka a rubuce, ka nemi lambar fayil, ka cike fom cikin wa'adin da takardarka ta gindaya.

Kamfani zai turo mai tantance asara. Idonsa yana kan tsatsa a bakin ƙusa, da katakon da gara ta ci, da tsohon tabon yoyo. In ya ga waɗannan zai rubuta rashin kula, kuma ba a biyan wannan. Masu gida a Lekki da Ajah su lura, iskar teku tana saurin cin kwano, don haka rasit ɗin gyaran baya hujja ce babba. Ka tanadi ƙiyasin kafintoci biyu ko uku, kowanne ya fayyace irin kwanon, kaurinsa, milimita 0.45 ne ko 0.55, yawan mita, katako, ƙusa da ladan aiki dabam.

Akwai wani sharaɗi da ke girgiza mutane. A ce sake gina gidan zai ci naira miliyan 40, amma kai miliyan 20 ka yi wa inshora. In ɓarnar ta kai miliyan 3, rabi za a ba ka, miliyan 1.5, a kuma cire kason da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka. Da yadda kayan gini ke tsada, wajibi ne a sabunta ƙimar gidan da ke cikin inshorar duk shekara, ko a kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, kake.

Idan an kawo takardar sallama, wato wadda ke nuna ka amince da kuɗin da kamfani zai biya ka, karanta adadin da kyau kafin sa hannu, don da ka sa hannu magana ta ƙare. In an ƙi biya, nemi dalili a rubuce. In bai gamsar da kai ba, kai koke hukumar NAICOM, mai sa ido kan kamfanonin inshora a Najeriya, tare da kwafin takardar inshora, hotuna da duk wasiƙun da kuka yi musaya.