Tenant ko lodger: ka tambaya kafin ka biya kuɗin ɗaki a Ingila

A wurinmu duk mai biyan kuɗin ɗaki ɗan haya ne. Dokar Ingila kuwa ta raba shi gida biyu, tenant da lodger. 'Yan'uwa da ke sauka Manchester ko Birmingham sukan ga kalmomin nan a tallar ɗaki a SpareRoom, shafin intanet na neman ɗakin haya, su ɗauka duk kanwar ja ce, alhali akwai tazara babba.

Abin da ya raba su shi ne inda mai gidan yake kwana. Idan yana zaune a cikin gidan, kuna haɗa kicin ko banɗaki, kai lodger ne. Idan yana can wani wuri, ya miƙa maka makullin ɗakinka, galibi kai tenant ne, ko da takardar yarjejeniya ta kira ka da wani suna. Kotu zaman da ake yi take dubawa.

Tenant yana da gata. Ba a fitar da shi sai da umarnin kotu, bisa dokar kare 'yan haya daga kora ta 1977. Kuɗin ajiyar da ya bayar a matsayin jingina (deposit) dole mai gida ya sa su cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, kuma tun 2019 doka ta hana su wuce kuɗin hayar mako 5 a yawancin gidaje. Lodger ba shi da wannan kariya. Kuɗinsa na hannun mai gida, kuma ran da aka gaji da shi, sanarwa kawai za a ba shi, yawanci ta wata ɗaya idan wata-wata yake biya. Wa'adi na cika ana iya sauya kwaɗon ƙofa ba tare da zuwa kotu ba.

Ban ce a guji zaman lodger ba. Yakan fi arha, sau da yawa kuɗin wuta da ruwa na ciki, kuma ya dace da baƙon da bai san gari ba. Amma mai iyali, a ganina, kada ya jima a ciki. Haka nan ka tambaya tun farko: an yarda ka yi girkin sahur da asuba? Baƙo zai iya kwana?

Kafin ka tura ko fam ɗaya, ka nemi yarjejeniya a rubuce da rasit. Idan ta rikitar da kai, ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.