Yadda Za Ka Gane Aikin Furotin Masu Sassauta Kiromatin

Ka fara da zane, hadda ta jira tukuna. Zana DNA a naɗe jikin furotin histon, kamar zare a kwarkwaro; wannan naɗin shi ne kiromatin. Inda naɗin ya matse, ƙwayar halitta ba ta iya karanta umarnin wurin.

Sai ka ƙara rukunin SWI/SNF, wato gungun furotin masu sassauta naɗin. Da ƙarfin ATP, makamashin ƙwayar halitta, yake ture histon gefe, wurin ya buɗe. To, goge shi daga zanen, ka duba umarnin da ya toshe. Ta nan ciwon daji ke samun ƙofa: kusan kashi 20 cikin 100 na cututtukan daji suna da lahani a rukunin nan.

Cikin furotin ɗin rukunin, ni dai da SMARCB1 nake farawa, domin rashinsa ne tushen ciwon dajin rabdoyid na ƙananan yara. ARID1A, wanda ake yawan samun lahaninsa a wani nau'in kansar ƙwan mace, ya biyo baya.