Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora inji a kan tsohon jirgin kamun kifi

Masuncin da ya sayi tsohon jirgi, ko don aiki a tafkin Gidimuni da ke jihar Zinder ta Nijar ko don ya kai shi gabas wajen tafkin Cadi, yakan kashe kuɗinsa wajen toshe ɓaraka da shafa kwalta da fenti, kuma da zarar jirgin ya daina yoyo sai ya ɗauka gyara ya kammala. Amma jirgin da aka saba tuƙawa da filafili da gora, katakonsa na baya bai san nauyin inji ba. Injin mai ƙarfin doki 15 irin su Yamaha Enduro ya kusa kilo 40, yana girgiza ba tsayawa, kuma ta wannan katako ɗaya yake tura jirgin da duk kayan da ke ciki. Sabon fenti yana ɓoye ruɓa, saboda haka a soki katakon da tsinin wuƙa a wurare da yawa, musamman gefen tsofaffin ƙusoshi. In wuƙar ta shige, kafinta ya cire shi gaba ɗaya ya sa mai ƙwari, ya ɗaure da noti maimakon ƙusa, sannan ya liƙa fallen ƙarfe a inda maɗaurin injin zai cije. Ko an matse maɗaurin sosai, a ƙara ɗaure injin da igiya a jikin jirgin, domin girgiza tana sassauta shi a hankali.

Kuskuren da ya fi jawo wa baƙanike zargi a banza shi ne rashin auna tsayi. Ƙafar inji iri biyu ce aka fi samu, gajera mai dacewa da katako na wajen santimita 38, da doguwa ta wajen santimita 51, kuma mutane da yawa suna sayen wanda suka tarar da araha ba tare da sun auna jirginsu ba. A saman farfela akwai wani faranti shimfiɗaɗɗe, wanda ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce santimita biyu da rabi ba. In ya yi sama, farfela tana shan iska, injin ya yi ta kururuwa jirgi ba ya gaba, kuma ƙofar da ke zuƙo ruwan sanyaya shi takan fito fili. In ya yi ƙasa da yawa, fetur yana ƙarewa da wuri, ƙafar kuma tana nomar laka, abin da ya fi muni a tafkunanmu da ruwansu ke ja da baya sosai lokacin bazara. Maganin a wurin kafinta yake: ya ƙara tsawon katakon ko ya rage, sannan a gyara sandar karkata injin har ƙafar ta tsaya a miƙe lokacin da jirgi ke ɗauke da kayansa na kullum.

Akwai kuma ɗabi'ar tayar da inji a tudu don mai saye ya ji ƙararsa. Famfon ruwansa na roba ne, ruwa ne ke jiƙa shi, kuma ƙasa da minti ɗaya na gudu a bushe ya isa ya ƙone shi. A cika ganga da ruwa a tsoma ƙafar kafin a ja igiya, a kuma tabbata siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya yana fita. Inji na hannu, a ganina, gara a canza masa wannan roba tun kafin ya taɓa tafki, ko da mai sayarwa ya rantse sabuwa ce.

Game da mai, yawancin irin waɗannan injuna ana haɗa musu fetur da baƙin mai kashi 50 bisa 1, wato rabin litar baƙin mai a tanki mai lita 25, sabo kuwa ko wanda aka sake wa zoben fistin ana ninka baƙin man a awa 10 na farko. A nemi man injin ruwa mai alamar TC-W3, a bar na babur ga babur. Fetur na kwalba da ake saya a bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma a buɗe ƙaramin notin iska na murfin tanki, domin rufe shi yana kashe inji a tsakiyar ruwa a yi ta canza buji, wato fulogi, ba dalili.

Inda kacalla ta yi yawa, kamar gefen Gidimuni, a ɗaga injin a koma ga gora. Zaren koma da ya nannaɗe bayan farfela yana yanka robar da ke tsare man giya, saboda haka a riƙa cire farfelar ana dubawa, kuma in man ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a canza robar da man tare kafin a sake fita.