Kamfani ya ce doki 460, daino ya ce 390: kurakuran da aka fi yi wajen auna ƙarfin mota

Duk mai bibiyar motocin Amurka masu manyan injina irinsu Mustang da Camaro da Challenger ya san yadda abin yake. A ɗaure mota tamau kamar ragon layya, tayoyin baya a kan wata gangar ƙarfe da aka binne a ƙasa, ƙatuwar fanka tana hura gaban motar, direba ya take totur har ƙasa, ƙara ta cika gareji, sai kowa ya ruga gaban kwamfuta. Lambar doki ta fito, wato ma'aunin ƙarfin inji, mai mota ya haɗe rai wai an cuce shi. Na'urar sunanta dainamomita, 'yan harka daino kawai suke cewa, kuma yawanci ita da motar duk lafiyarsu ƙalau, masu awon ne da masu karanta takardar suke kwafsawa.

Babban kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne haɗa lambar kamfani da lambar taya. Ford ta ce Mustang GT ta 2018 doki 460 ce, gaskiya ta faɗa, amma ai a jikin inji ta auna, tun kafin ƙarfin ya shiga giyabos ya bi ta farfela ya je aksil sannan ya isa taya, kuma duk inda ya bi sai an ci wani abu a ciki, kamar saƙon kuɗin da ya bi ta hannun mutum huɗu. Masu harkar sukan yi ƙiyasin kashi 15 cikin ɗari ke zubewa a hanya a motar da ke ja da baya, toh ka cire daga 460 kaga ka dawo wajen 390. Ba abin da ya samu motarka malam. Sai dai kar kuma ka riƙe 15 ɗin nan kamar aya, ƙiyasi ne, wasu giyoyin zamani ba sa cin haka. Masu raba lambar taya da 0.85 su zo suna cika baki wai injinsu ya fi na kamfani su ma kuskuren ne, sun dai juya shi ne. Lambar taya ka barta a lambar taya.

Masu tsofaffin motoci nasu ciwon kan ya fi. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara, ba matatar iska, ba salansa irin ta kan titi, ba kayan da fanbel ke ja. Da wannan awon aka ba Chevelle SS 454 LS6 ta 1970 doki 450. Injin Hemi 426 na Chrysler a 1971 an rubuta masa lamba biyu, 425 a tsohon awo, 350 a sabon awon da ake yi da komai a jikinsa. Inji ɗaya fa, bambancin doki 75 a takarda kawai, tun ba a zo maganar giya da taya ba. Saboda haka wanda ya hau daino da motar 1970 yana jiran yaga abin da ke cikin tsohuwar talla, tun a gida ya faɗi.

Sai maganar shin motar tana nan yadda ta fito daga kamfani? Nan ne abin ya shafe mu, don waɗannan motocin suna shigowa tokumbo, wasu ma bayan hatsari aka gyara su, ba ka san me mai ita na farko ya yi wa kwamfutarta ba. An canja matatar iska, an sauya salansa, ko wani bakanike ya fasa ya kwashe abin nan da suke kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Wannan ba motar kamfani ba ce kuma. Ka leƙa ƙarƙashi, ka sa a karanta kwamfutar, ka duba filogi da baƙin mai kafin a ɗaure ta. Kuma in Hellcat ce ka duba makullin da ke aljihunka. Challenger Hellcat ta 2015 da makulli biyu take zuwa, ja yana sakin doki 707 gaba ɗaya, baƙi yana tsayar da ita a 500. Abin dariya ne amma mutum zai iya biyan kuɗin awo da baƙin makulli a aljihu ya koma gida yana zagin daino.

Mai ma haka. Lambar 460 ta Mustang da fetur mai lambar inganci 93 aka samo ta, kuma 93 na famfon Amurka ba irin lissafin RON da yawancin ƙasashe ke amfani da shi ba ne, ya kai wajen RON 98. In ka zuba mai mai rauni inji ba zai yi maka gardama ba, na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji za ta ji, kwamfuta ta ja lokacin tartsatsin filogi baya don kar fistin ya lalace, doki ya ragu shiru ba tare da wata fitila ta kama ba.

Yanzu ga inda nake so a tsaya sosai, wato iska. Inji iska yake shaƙa, iska mai sanyi ta fi nauyi ta fi yawan iskar da za ta ƙona mai, mai zafi ko ta kan tudu ta fi sakayau. Injin da ba shi da sufacaja ko tabo, wato na'urorin da ke tura ƙarin iska cikin inji, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300, shi yasa motar da aka auna a birnin Denba na Amurka, mai tudun kusan mita 1,600, ba za ta taɓa ba da abin da ta bayar a bakin teku ba, kamar dai ka kwatanta Jos da Legas. Don a daidaita wannan ne kwamfutar daino take gyara lambar da wani ma'auni, kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Akwai SAE J1349 da ke ɗaukar zafin iska digiri 25, akwai wanda ake rubutawa STD da ke ɗaukar kusan digiri 15 da rabi, shi kuma yana ba da lamba sama da ta SAE da kusan kashi 4. A motar doki 400 kaga an samu doki 16 na banza ba a taɓa ko noti ɗaya ba, linzamin kwamfuta kawai aka danna. Ni a ganina duk takardar daino da ba a rubuta ma'aunin a jikinta ba ba ta da wani amfani sai na ɗorawa a Facebook. Ka kalli ƙasan takardar ko samanta, ka ga SAE ne ko STD ne ko ba gyara sam, ka ga lambar gyaran, in ta yi nisa da 1.00 sosai to rabin labarin lissafi ne. A motar tabo ma gyaran yakan wuce gona da iri a kan tudu.

Zafin motar kanta wani abu ne daban. A kan titi iska na dukan lagireto da gudu, a gareji kuwa fanka ce kawai, in ƙarama ce ta ɗaki ba abin da za ta tsinana. Ja na farko, wato awon farko, ya yi kyau, na biyu ya sauka, na uku ya ƙara sauka, musamman a Hellcat da sufacajarta ke ɗaukar zafi. A bar inji ya yi ɗumi yadda ya saba aiki, a ja sau uku da hutun 'yan mintuna a tsakani, a duba zafin iskar da ke shiga inji duk ja, a kashe AC. Masu ɗora ƙanƙara a kan inji don lamba ta tashi kansu suke yaudara.

Giya kuma a nemi wadda juyin shiga da na fita suke daidai, ɗaya da ɗaya. A giyar hannu ta Tremec TR-6060 ta huɗu ce, a otomatik mai takwas ta ZF da ke Dodge ta shida ce, a mai goma ta Ford ta bakwai. Kar a ɗauka kullum ta huɗu ce, Mustang GT ta 2011 zuwa 2017 mai giyar hannu a ta biyar take. Otomatik a kulle ta a giya ɗaya da hannu, in ba haka ba kana take totur za ta faɗo ƙasa da kanta, zanen da ke takardar daino ya yi wani tsini sama kamar ƙaho, mutum ya ɗauki tsinin nan ya ce dokinsa kenan. A kashe na'urar hana sulɓi, don tana ganin tayoyin baya na gudu na gaba a tsaye za ta rage wuta.

Ɗauri da taya kar a yi wasa da su wallahi, tayar nan tana iya wuce kilomita 200 a awa a cikin ɗaki. In igiya ta yi sako-sako taya za ta riƙa zamewa a kan ganga, ka ji warin roba, ka ga baƙin gari a ƙasa, lamba ta faɗi. In an ja ta fiye da kima taya ta lotse ta ci ƙarfi. Iskar taya a sa yadda kamfani ya rubuta a bakin ƙofa, kuma kar kowa ya tsaya a baya ko a gefen tayar don ɗaukar bidiyo.

Ga wata 'yar dabara ta gane takardar bogi. Doki daidai yake da ƙarfin murɗa sau zagayen inji a minti a raba da 5252, saboda haka in an zana su a awon Amurka a kan sikeli ɗaya dole layukan biyu su haɗu a zagaye 5,252. In sun haɗu a wani wuri to sikelin ba ɗaya ba ne.

Sannan su kansu dainon ba bakinsu ɗaya ba. Dynojet da aka fi sani yana lissafi ne da saurin da mota ta juya ganga mai sanannen nauyi, na kamfanin Mustang Dynamometer, wanda ba ruwansa da motar Ford suna ne kawai ya zo ɗaya, yana riƙe gangar da burkin lantarki kuma an san shi da rowar lamba, Dynapack kuma cire taya ake yi a ɗaura shi a jikin hob, wato inda ake ɗaura tayar. Abokinka ya auna a wancan kai ka auna a wannan kuna musu a WhatsApp har dare, ɓata data ne. In za ka canja salansa ko ka taɓa kwamfuta, ka auna kafin ka taɓa komai, ka ajiye takardar, ka rubuta a bayanta giyar da aka sa da man da ke tanki da iskar taya da zafin ranar, bayan aikin ka koma garejin nan, kan gangar nan, in da hali ma wajen mutumin da ya ɗaure ta da farko.