Kafin ka sake ayisin busta da ya ƙone, ɗauki biro

Ayisi (IC) uku na ƙona a kan famfon ruwa guda ɗaya kafin na yarda laifin nawa ne. Ƙaramin famfo ne mai bolt 12, batirin litiyam 18650 ƙwaya ɗaya, a tsakaninsu allon busta, wato mai ɗaga bolt, mai ayisi MT3608, irin wanda ake rubuta wa 2A. In babu famfo, mita na nuna 12 cif-cif. Da na jona, bayan 'yan mintuna sai ƙauri ya tashi, ayisin ya yi zafin da yatsa ba ya iya taɓawa, shi ke nan.

Abin da na yi wa riƙon sakainar kashi shi ne lissafi. Busta ba ta ƙirƙirar wuta, duk bolt ɗin da ta ɗaga da amfiya take biyansa daga batir. Famfona na cin amfiya 1 a bolt 12, wato wat 12. Raba 12 da 3.7, wato bolt ɗin batir, ka ƙara asarar da ke tafiya a zafi, mu ce kashi 15 cikin 100, za ka samu kusan amfiya 3.8 ke fita daga batir. Wannan ita ce wutar da ke bi ta koyil da makunnin da ke cikin ayisin, ba amfiya 1 da kake gani a bakin fita ba. Iyakar makunnin MT3608 kuwa wajen amfiya 4 ce. Sannan batir ba ya tsayawa a 3.7. Da ya sauka zuwa 3.0, buƙatar ta haura 4.7. Shi ya sa allon ke aiki lafiya da cikakken caji, ya mutu idan caji ya ja baya. To ka yi lissafinka da mafi ƙarancin bolt ɗin batir, kada ka yi da 4.2 na cikakken caji.

In lissafi ya nuna akwai sauran sarari amma duk da haka yana ƙonewa, sai a shiga bincike. Cire batir, sa mita a om, auna tsakanin ƙafar SW ta ayisin, wadda koyil ke jone da ita, da ƙasa, wato nagatif. In ta nuna kusan sifili, ko makunnin ciki ya haɗe ko kafasitar shiga ta haɗe, domin koyil ya haɗa wuraren biyu. Ɗaga koyil ɗin ka sake aunawa, za ka ga mai laifin. Auna dayod ma, galibi SS34 ne mai amfiya 3. Sa sabon ayisi a kan mataccen dayod asara ce kawai.

Koyil shi ne wanda aka fi rainawa. Kowane koyil yana da iyakar amfiyar da in ta wuce, ƙarfen cikinsa ya ƙoshi, sai ya koma kamar waya zalla, wuta ta yi tsalle cikin ƙiftawar ido. Koyil ɗin ƙananan alluna sau da yawa bai kai girman aikin da aka rubuta musu ba. In ka ji shi ya fi ayisin zafi, sake shi da mai ƙimar da ta ɗara lissafinka da kyau.

Yanzu ka auna bolt a ƙafafun allon kansa, ba a kan batir ba, kuma lokacin da nauyi ke kai. Ni na tarar da bambancin kusan rabin bolt, siririyar waya da sifirin ɗin gidan batir suka cinye shi. Ragin bolt a shiga ƙarin amfiya ne ga ayisi.

Kar ka manta da lokacin tashi. Duk abu mai juyawa yana jan ninkin wutarsa sau da dama a daƙiƙar farko, ko in ya maƙale. Babbar kafasita a bakin fita tana rage dukan, dayod a kan ƙafafun famfon kuma yana tare wutar da ke dawowa in an kashe. Duba resistocin da ke zuwa ƙafar FB, inda ayisin ke auna wutar fita, wadda ya kamata ta zauna a bolt 0.6. In solda ta saki a resistan sama, wato na tsakanin fita da FB, ayisin zai ɗauka wuta ba ta kai ba, ya yi ta ɗagawa har ya kashe kansa.

Fiyus kuma dole ne a gefen batir. A busta irin wannan, ko ayisi a kashe yake, akwai hanya a buɗe daga batir ta koyil da dayod zuwa fita, in wayoyi suka haɗe babu mai tsayar da ita.

Nawa famfon, batir biyu na jera da allon kariyarsu, shiga ta koma 7.4, amfiya ta sauko ƙasa da 2. Ayisi na huɗu yana nan a kan allon, ɗumi kawai yake yi.