Yadda za ka ji gargaɗin annoba da na ambaliya tun da wuri a Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Damagaram ba ma rasa labari, daga fada zuwa wurin mai shayi zuwa gurup ɗin WhatsApp na dangi kullum akwai mai cewa an ce kaza ya ɓulla a gari kaza, abin da muke rasawa shi ne labarin da ke da mai shi, wanda za ka iya bin sawunsa har ka kai ga mutumin da ya faɗa. A harkar ciwo da ruwan sama kuwa wannan bambancin rai ne ɗungurungum, dan haka ga yadda nake ganin ya kamata kowane gida ya tsara kansa.

Ka fara da sanin lokaci, domin yawancin cututtukan da ke damunmu suna da watanninsu. Sankarau na rani ne, daga shigowar hunturu da hazo har faɗuwar ruwan farko, kuma jiharmu tana tsakiyar yankin da yake yawan bi. Daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu, Dungass ce ta fi jin jiki sai Matameye da Mirriah da Magaria, cikin birni ma an samu. Da damina kuma sai palu da amai da gudawa, kwalarar 2021 ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar nan kuma mu ma ba ta tsallake mu ba. A 2023 mashaƙo ya tashi ta wajen Matameye. Idan ka riƙe wannan lissafin a kai, to da Disamba ta kama kunnenka na kan maganar sankarau, da Yuli ta kama kana jiran masu rabon maganin palu na yara, ba sai wani ya zo ya tsorata ka da vokal ba.

Sai ka nemi mutanenka, kuma a gani na wannan ya fi duk sauran. Kowace unguwa akwai likitar da take ƙarƙashinta, CSI ɗin nan da muke kai yara awo, akwai majo da ke riƙe da ita, akwai kuma rele, 'yan unguwa ne da aka ba horo suke bi gida gida lokacin lamba ko rabon gidan sauro. Wlh mutane da yawa sun san lambar mai gyaran babur da ta mai kawo ruwan garuwa amma basu san ko sunan relen unguwarsu ba. Ka tambayi mai unguwa waye, ka je ku gaisa, ka karɓi lambarsa ka ajiye a waya ka kuma rubuta a takarda. Ranar da aka turo maka cewa wai cuta ta shigo Garin Malam ko Kara-Kara ko Sabon Gari, kira ɗaya zaka yi: malam wane, mun ji kaza, kun samu labari daga likita? In akwai abu su ake fara sanarwa dan su ne za a tura cikin gidaje, in bai sani ba zai tambayi majo. Mata ma haka, ranar awo ko ranar lamba kada ki fito ba ki tambayi ungozoma ba, ki ce mata akwai wani ciwo da ke yawo yanzu da ya kamata in kula? Tambayar bata cin ko dala.

Rediyo kuma har gobe ita ce uwa. Muryar Sahel, Anfani, Shukura da rediyoyin karkara, ta nan kominiken gwamna ko na daraktan lafiya na jiha ke fitowa da Hausa, wani lokacin har likita ya zauna a buɗe layi a yi masa tambaya. Ka zaɓi tasha ɗaya ko biyu ka san lokacin labarunsu ka mayar da shi al'ada, ko kana shago ko kana kan kabu-kabu. Kuma a samu ƙaramar rediyo mai batir a gida, saboda daren da aka yi ruwa mai ƙarfi shi ne daren da kuran ke tafiya rezo ya ɗauke waya ta mutu, rediyon nan ita kaɗai zata rage tana magana. Motar lasifika in ta ratso layi a rage hira a saurara, haka sanarwar liman bayan sallar Juma'a da shelar mai unguwa, domin hukumar lafiya in zata yi babban kamfe ta fadar Sarkin Damagaram da malamai take bi.

Masu intanet, akwai shafin ma'aikatar lafiya a Facebook, akwai ANP, kamfanin dillancin labarai na ƙasa, da jaridar Sahel, akwai OMS da UNICEF na Nijar. Matsalarsu guda ce, kusan komai da Faransanci ne. To kada ka tsaya kan hoto da babban rubutu na sama, ka ba ɗan lakwal ya karanta maka takardar tun daga kai har sa hannu, ya faɗa maka abu huɗu: ranar da aka rubuta, wa ya sa hannu, wane gari ake nufi, me aka ce a yi. Takardar da babu kwanan wata ko babu sunan ofishi ka ajiye ta gefe tukuna. Saƙon SMS da ke shigowa ta Airtel ko Moov ko Zamani lokacin kamfe shi ma a riƙa buɗewa, ba duka ne tallan forfe ba.

Yanzu maganar vokal. Za ka ji murya tana rantsuwa, wai ɗan uwansa na aiki a babbar likita, wai gawa ta cika ana ɓoyewa, ku tura wa duk wanda kuke ƙauna. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi unguwa ba. Sau da yawa tsohon vokal ne na wata shekara ko na wata ƙasa ma aka sake tayarwa. WhatsApp da kansa yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, in ka ga alamar nan ka ƙara taka tsantsan. Ni ƙa'idata a gurup ita ce in tambayi wanda ya turo, kai wa ya faɗa maka? In amsar ita ce nima turo mini aka yi, to ya tsaya a wurina. Ba raini bane, tsoro nake ji wa uwar da zata ji an ce maganin rabo na kashe yara ta ɓoye ɗanta cikin ɗaki ranar da masu CPS, wato rabon maganin palu na yara, suka zo, alhali maganin nan na yara 'yan wata 3 zuwa 59 ne, ana ba su kwana uku a jere kowane wata cikin damina, na farko a gaban ma'aikaci sauran biyun uwa ta bayar a gida, kuma shi ke tare masassarar da ke cika mana gadajen yara a watan Satumba da Oktoba.

Wani abu kuma, duk lokacin da tsoro ya shigo gari 'yan damfara na biye da shi. A 2015 da 2019 an yi gargaɗi kan jabun allurar sankarau da ta shigo kasuwa a Nijar. Dan haka in an ce ana lamba ka tambaya a ina, su waye, kuma allurar kamfen gwamnati kyauta ce ana yinta a likita ko wurin da aka sanar, da akwatin sanyi da takardar shaida. Wanda ya biyo layi da jaka yana cewa kawo kuɗi in yi wa yaranka, ko mai tallan magani a kasuwar Dole, kada ka miƙa masa hannun ɗanka.

Mu da ke bakin iyaka sai mun saurari ƙetare ma. Jigawa da Katsina da Kano ƙafa ɗaya muke da su, mutanenmu na cin kasuwar Maigatari, ana aure ana biki ana kai almajirai, abin da ya tashi can baya daɗewa sai ya leƙo Magaria ko Dungass ko Matameye, namu ma haka yake tsallakawa. In zaka yi tafiya ka kira wanda zaka sauka wurinsa ka tambayi lafiyar gari, ka duba karnen lambar yara kafin ku tashi.

Akwai abin da mutane basu cika sani ba, shi kansa gargaɗin daga wurinmu yake farawa. Kowane mako CSI na tura adadin masu wasu cututtuka zuwa gunduma, gunduma ta tura jiha, jiha ta tura Yamai. A sankarau misali in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda sai a shiga shirin ko-ta-kwana, in ya kai 10 an shiga annoba sai a nemo allura a fara kamfe. To yaron da aka ajiye a gida ana ta jiƙe-jiƙe har ya cika ba a kai shi likita ba, baya cikin wannan lissafin, a takarda unguwar lafiya lau take, kuma maƙwabta ba mai gargaɗinsu. Shi ya sa in ka ga zazzaɓi ya taso farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya da amai, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, a tafi a daren kada a jira safiya. Ciwon maƙogwaro da farin abu ya lulluɓe ciki wuya ya kumbura, a yi zaton mashaƙo a raba shi da sauran yara a kai shi. Gudawa mai ruwa tsululu kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, in babu na leda to lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In mutum biyu uku suka kwanta da ciwo iri ɗaya a layi guda, a sanar da rele ko da sun warke.

Damina ita ma tana da nata gargaɗin. Duk mun ga 2024, ruwan da ya rusa tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ya kashe ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasa har aka ɗaga komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Hasashen meteyo da ake bayarwa a Tele Sahel da rediyo ba na manoma kaɗai bane, in an ce ana sa ran ruwa mai yawa a jiha kuma gidanka na laka ne ko kana kusa da tabki ko kan hanyar ruwa, ka zagaya ka duba gindin katanga da indararo tun da rana, bangon da ya jiƙe ya fara tsagewa kada a kwantar da yara a jikinsa, takardun haihuwa da karne a ɗaure cikin leda a rataye sama. Ku yi magana tun yanzu gidan wa za ku kwana in ruwa ya shigo. Lambar pompiye 18 ce, ta 'yan sanda 17, a koya wa yara manya su haddace. Bayan ruwa ya janye kuma ruwan rijiya da na garuwa a tafasa ko a sa ƙwayar Aquatabs, dan nan ne kwalara ke samun ƙofa.

In ka samu labari tabbatacce kada ya tsaya a wayarka. Maigida na jin sanarwa a kasuwa ko masallaci ya dawo ya manta, masu lamba su zo da safe baya nan, uwargida ta ce ba a bar mata izini ba su wuce. Dan Allah ka faɗa a gida tun da dare, ka ce gobe in sun zo a fito da yara duka har na goye, ka leƙa ka gaya wa tsohuwar maƙwabta da bata da waya, ka kira 'yan uwa na ƙauye. In zaka tura a gurup ka rubuta inda ka ji da ranar da ka ji, misali Anfani yau Talata labarun rana, saboda wanda zai gani bayan sati biyu ya san ko maganar na nan ko ta wuce.